Kwafa da liƙa a kwamfuta: me ya sa rubutu ke lalacewa a hanya?

A shagon buga takardu da nake aiki a Tudun Wadan Kaduna, yawancin masu zuwa ɗalibai ne na Kaduna Polytechnic da jami'ar jihar Kaduna, wato KASU, kowa da kundin kammala karatunsa. Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yi mini.

Malam, na kwafo rubutu daga intanet na liƙa a Word, sai ya zo da wani launi da wani girma daban. Me ya faru?

Idan ka danna Ctrl+C, ba kalmomin kaɗai kwamfuta ke ɗauka ba. Tana ɗauko su da tufafinsu: nau'in harafi, girmansa, launi, tazarar layi, har da mahaɗan shafin da ba ka lura da su ba. Ctrl+V kuma sai ya zube maka duka. Abin da kake so shi ne rubutu zalla. A Google Docs da sababbin Word, Ctrl+Shift+V na yin wannan. A tsohon Word, danna Ctrl+Alt+V ka zaɓi rubutu marar ado. Ni dai tuni na shiga saitin Word na kowace kwamfutar shagonmu na mai da rubutu zalla ya zama abin da ake liƙawa daga wasu manhajoji.

Ina ƙ da ɗ da ɓ nawa suka tafi? Sai akwatuna nake gani.

Wannan ce ta fi ci mini rai. Wata ɗaliba mai nazarin Hausa ta taɓa kawo shafi sittin da ta kwafo daga tsohon fayil ɗin yayanta, sai ga duk wata "ƙasa" ta koma alama marar ma'ana da "asa" a bayanta. Ta zauna a benci tana gyara kalma ɗaya bayan ɗaya da jan biro, har aka kira Magariba.

Dalilin shi ne, a da masu buga Hausa sukan yi amfani da nau'in harafi na musamman wanda ya aro gurbin wata alama ya zana ƙ a wurin. A ido ƙ ce, amma a cikin kwamfuta ba ita ba ce. Da ka kai ta wani wuri, sai asirin ya tonu. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafinmu mai lanƙwasa lambarsa. Idan da shi aka buga, harafin na nan lafiya ko da akwati ka gani. Sauya nau'in harafi kawai zuwa wanda ke da shi. Idan kuwa tsohon salo ne, a yi amfani da nema-da-musanyawa, Ctrl+H, a gyara kowane harafi a lokaci guda. Da ɗalibar nan ta zo da wuri, aikin minti biyar ne.

Na kwafo daga PDF, kowane layi ya tsaya shi kaɗai.

PDF hoton shafi yake kiyayewa, bai damu da inda sakin layi ya ƙare ba. A Ctrl+H ka nemi ^p, wato alamar ƙarshen sakin layi a Word, ka musanya da fili guda, amma ka zaɓi sakin layi ɗaya tukuna, kar ka haɗe kundin gaba ɗaya.

Zan iya kwafar abu fiye da ɗaya?

Ƙwarai. Tun 2018 Windows 10 ke da Win+V, wato danna maɓallin Windows da V tare, mai riƙe abu 25 na ƙarshe da ka kwafa. Sai dai idan an ɗauke wuta kwamfuta ta mutu, sun tafi, ban da waɗanda ka maƙale. Wanda ya yi aiki a kwamfutar shago kuma, ya goge jerin kafin ya tashi, domin lambar asusunsa na iya kasancewa a ciki.

To me ya kamata masu yin manhaja su gyara?

Larry Tesler, wanda ya rasu a 2020, shi da abokin aikinsa Tim Mott suka kawo dabarar kwafa da liƙa a kamfanin Xerox a shekarun 1970, don sauƙaƙa wa mai rubutu. Ni abin da nake nema yau kaɗan ne: idan na liƙa rubutun Hausa, Word ya gane Hausa ce, ya daina ja wa kowace kalma jan layi, kuma idan nau'in harafin ba shi da ƙ, ya gaya mini kafin in buga wa ɗaliba shafi sittin.