Waiwaye: Farfelar Wutsiya da Matsalar da Ta Daɗe Tana Bin Jirgi Mai Saukar Ungulu

Tun bayan haɗarin 6 ga Agusta 2025, lokacin da jirgin sojin saman Ghana ƙirar Z-9 ya faɗi a yankin Adansi kan hanyarsa daga Accra zuwa Obuasi, ya hallaka mutum takwas har da ministoci biyu, mutanen zangunan Kumasi suka ƙara mai da hankali ga yadda waɗannan jirage ke aiki. Masu bincike sun danganta wancan haɗari da yanayi da iskar da ta danne jirgin ƙasa, amma a tarihin helikwafta wutsiya ce wurin da matuƙa suka fi jin tsoro.

Dalilin yana cikin ƙirar kanta. Idan injin ya juya babbar farfela ta sama, gangar jirgin na neman juyawa ta ɗaya ɓangaren, kuma ƙaramar farfelar wutsiya ce ke hana ta. Igor Sikorsky ne ya kafa wannan tsari da jirginsa VS-300 wanda ya fara tashi a 1939. Faransawa sun rufe farfelar cikin zobe a ƙarshen shekarun 1960, tsarin da Z-9 ta gada, kamfanin Hughes kuwa ya gwada jirgi marar farfelar wutsiya a 1981.

Matsalar iri biyu ce, kuma an daɗe kafin a bambance su sosai. Wani lokaci farfelar lafiyarta ƙalau, sai dai iska ta zo mata ta gefe ko ta baya jirgin yana tafiya a hankali, ƙarfinta ya gaza. Sojojin Amurka sun yi fama da wannan a jiragensu OH-58 a shekarun 1980. Maganinsa shi ne matuƙi ya taka fedar da ke sarrafa farfelar wutsiya har ƙarshe, ya karkata jirgin gaba don ya sami gudu, ya rage ƙarfin ɗagawa idan akwai tazara daga ƙasa.

Wani lokaci kuwa ƙarfe ne ya lalace. Jirgin da ke gudu yana iya miƙewa da taimakon fiffiken wutsiya har ya kai filin da zai sauka yana jan ƙasa. In ba haka ba, sai a yanke ƙarfin injin, a bar iska ta riƙa juya babbar farfela har ƙasa, domin idan injin bai murɗa ba, gangar jirgin ba ta da abin da zai juya ta.

Duk wannan yana bukatar nisa daga ƙasa da gudu. A Leicester ta Ingila, ranar 27 ga Oktoba 2018, jirgin AW169 yana cikin tashi daga filin ƙwallon kulob ɗin Leicester City sai wani boris na wutsiya ya cije, feda ta daina aiki, mutum biyar suka mutu har da mai kulob ɗin, Vichai Srivaddhanaprabha. Rahoton binciken haɗarin na 2023 ya nuna cewa matuƙin ya yi abin da ya kamata, amma jirgin ya riga ya shiga jujjuyawar da ba ta gyaruwa.