Me ke jawo ɓari? Amsoshin tambayoyin da mata ke yi a wurin awo

Waɗannan tambayoyi ne da mata da mazajensu ke yawan yi a Gusau, Talata Mafara, Ƙaura Namoda da ƙauyukan kewaye, musamman bayan ciki ya zube.

Na yi ɓari, kuma duk ƙawayena sun haihu lafiya. Ni kaɗai ce haka?

A'a, 'yar'uwa. A cikin kowane ciki 100 da aka san da shigarsa, 10 zuwa 20 zubewa suke yi. Mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta a 2021 cewa ana yin ɓari kusan miliyan 23 a duniya duk shekara. Kusan takwas cikin goma na faruwa ne a wata uku na farko. Mata ba sa yawan faɗa, shi ya sa kowace ke ganin kanta ne kawai abin ya faɗa wa.

To me ya fi kawo shi?

Kusan rabin ɓarin farkon ciki daga halittar ɗan tayin ne. Kowane mutum yana da ƙullin gado 46 a ƙwayoyin jikinsa, 23 daga uwa, 23 daga uba. Wani lokaci wajen haɗuwar ƙwan mace da maniyyi sai a samu ƙari ko ragi a wannan lissafi, tayin ya kasa girma, jiki ya fitar da shi. Babu abincin da kika ci ko aikin da kika yi da ya jawo wannan, kuma babu allurar da za ta riƙe irin wannan ciki.

Shekaru na ƙara yawan wannan kuskure. Daga shekara 35 haɗarin yana hawa, kuma daga 45 fiye da rabin cikin da aka ɗauka ba ya kai wa haihuwa. Macen da ta haifi takwas lafiya, sannan ta fara ɓari tana da shekara arba'in da wani abu, ba lallai wani sabon ciwo ne ya kama ta ba. Yawan shekarun miji ma na taka rawa, ko da yake bai kai na mace ba.

Surukata ta ce daka da ɗibar ruwa ne suka zubar mini. Wasu kuma sun ce hannu aka sa.

Aikin gida na yau da kullum, hawa babur, firgita, ko kwanciyar aure ba sa zubar da lafiyayyen ciki. Abin da ke iya yin illa shi ne mugun bugu a ciki: haɗarin mota, faɗuwa daga sama, ko duka. Mijin da ke ɗaga hannu kan mai ciki ya san da wannan.

Batun sa hannu kuwa yana damuna ƙwarai. Gidaje nawa aka raba, kishiyoyi nawa aka yi wa ƙazafi, alhali wani lokaci gwaji a asibiti zai iya nuna ainihin dalili? A yi addu'a, a karɓi ƙaddara, a kuma je asibiti. Kuɗin da ake kai wa boka ya isa a yi hoton ciki da gwaji.

Zazzaɓin cizon sauro fa? Ai mun saba da shi.

Sabon ne ke cutar da mu. Ciki yana rage ƙarfin garkuwar jiki, musamman cikin fari, kuma ƙwayoyin cutar suna taruwa a mabiyiya, inda jariri ke samun abinci da iska. Mace na iya yawo ba ta jin komai alhali jininta na ƙarewa. Zafin jiki mai tsanani shi kaɗai ma yana iya tayar da naƙudar da lokacinta bai yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa mai ciki maganin rigakafi na SP, wanda aka fi sani da Fansida, daga mako na 13, da tazarar wata ɗaya tsakani, aƙalla sau uku. A wurin awo ake bayarwa. Wadda ta jira sai wata bakwai kafin ta yanki kati ta yi asarar mafi yawan kariyar. A kwana cikin gidan sauro, ba sai da damina kaɗai ba, balle masu zama kusa da fadama ko madatsar Bakolori.

Gaskiya ne aikin zinare na da hannu?

Gaskiya ne, kuma mu a Zamfara mun ga abin da idonmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yar Galma, saboda ana niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gida, wani lokaci a turmin da ake daka hatsi. An fi maganar yaran, amma dalma tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi. Tana jawo ɓari, haihuwar bakwaini da hawan jini ga uwa. Tana kuma ɓuya a ƙashi shekaru masu yawa, sai ciki ya shiga ta sake fitowa cikin jini. Don haka yarinyar da ta tashi a irin waɗannan gidaje, yau ta yi aure, ta gaya wa ma'aikatan lafiya a ranar awonta na farko. Maigida mai zuwa ramin haƙa ya yi wanka ya canza kaya kafin ya shigo gida, kada a kawo dutse ko ƙasar wurin cikin gida. Wani kwallin gargajiya ma da dutsen dalma ake yin sa, gara mai ciki ta haƙura da shi.

Waɗanne cututtuka ne kuma?

Ciwon suga da ba a kula da shi ba, matsalar maƙoƙo, sikila, tunjere da wasu cututtukan sanyi, ƙari a cikin mahaifa, da wata larura da ke sa jini saurin daskarewa. Akwai kuma wadda bakin mahaifarta ke buɗewa da wuri ba tare da ciwo ba, galibi a wata na huɗu zuwa na shida. Ita wannan ana iya yi mata ɗinki a ciki na gaba.

Abin ci da sha fa?

Babban haɗari shi ne maganin da ba a san abin da ke cikinsa ba: jiƙo, sassaƙe, haɗin da ake saya a kasuwa, da ƙwayoyin kemis ba da izinin likita ba. Taba da shisha a bar su. Goro, kofi da baƙin shayi a rage. Madarar shanu a tafasa ta kafin a sha ko a yi nono da ita.

Jini ya zo kaɗan ya tsaya, aka ce cikin ya kwanta. In jira?

Kada ki jira. Ciki ba ya kwanciya ya tashi bayan shekara. Wani lokaci yana nan lafiya, wani lokaci kuma tayin ya rasu bai fito ba, kuma hoton ciki ne kawai zai bambance. Idan jini na zuba da yawa, ko akwai zazzaɓi, ruwa mai wari, jiri, ko ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya, a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Ciwon gefe ɗayan nan na iya zama ciki a wajen mahaifa, kuma yana iya kisa cikin sa'o'i. Idan aka ce sai an yi wankin ciki, a yi shi a hannun ƙwararru.

Zan sake haihuwa kuwa?

In sha Allahu. Mafi yawan matan da suka yi ɓari sau ɗaya suna haihuwa lafiya a ciki na gaba. Kusan mace ɗaya cikin ɗari ce ke yin uku a jere. Idan ya kai biyu ko uku, ku je tare da maigida wurin likitan mata, kamar a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, a duba suga, maƙoƙo, jini da mahaifa. A tambayi rukunin jininki, domin mai jinin negatif tana iya buƙatar allurar anti-D cikin sa'a 72 bayan ɓari don kare cikin da zai biyo baya.