Tagar taimako tana rufe kanta a tsohuwar Windows: tambayoyi da amsoshi

A shagunan buga takardu na Tudun Wada da Kawo har yanzu za ka iske kwamfutoci a kan Windows XP ko Windows 7. Ƙorafin da ake yawan kawowa shi ne, an danna maɓallin F1 a cikin wata manhaja, tagar taimako ta buɗe, kafin a karanta layi guda ta ɓace ko ta daskare.

Mece ce ke buɗe taimakon?

Wata 'yar manhaja ce mai suna hh.exe, mai buɗe fayilolin da sunansu ya ƙare da .chm. Da injin Internet Explorer take nuna shafi, tana kuma jingine da wasu fayiloli biyu na Windows, hhctrl.ocx da itss.dll. In ɗaya ya lalace, sai ta faɗi.

Me ke lalata su?

A garin nan, ɗaukewar wuta ce kan gaba. Kwamfuta na tsakiyar rubuta fayil, wuta ta tafi, babu UPS (na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci), fayil ya tsaya rabi. Sai bayiros ɗin fulashi, wanda kowane kwastoma ke zuwa da nasa. Wani lokacin kuma tsohuwar manhaja ce aka saka ko aka cire, ta rikita rajistar fayilolin.

Da me zan fara?

Da hh.dat. Ƙaramin fayil ne da ke riƙe girman taga da shafukan da ka ajiye, kuma in ya gurɓace yana iya kayar da manhajar. Buɗe Run (akwatin rubuta umarni na Windows), rubuta %appdata%, shiga Microsoft, sannan HTML Help, ka goge shi. Windows za ta yi sabo da kanta, girman taga da shafukan da ka ajiye kawai za ka rasa.

In bai yi ba, sake yi wa fayilolin nan biyu rajista: a Run rubuta regsvr32 hhctrl.ocx, sannan regsvr32 itss.dll. A Windows 7 sai da izinin administireta. In har yanzu shiru, gwada sfc /scannow, umarnin da ke duba fayilolin Windows ya gyara waɗanda suka lalace, amma ka tanadi faifan XP kusa, domin takan nema.

Taga ta buɗe, amma shafin fari fat. Shi ma faɗuwa ce?

A'a, toshewa ce. Fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet, danna masa dama, shiga Properties, danna Unblock. In a kan wata kwamfutar ofis yake, kwafo shi zuwa taka, domin tun 2005 Microsoft ta taƙaita buɗe .chm ta hanyar sadarwa saboda tsaro. Alamar # a sunan folda ma tana hana shi.

Mai gyara ya ce sai fomatin. In yarda?

Kada ka yarda da wuri. Abin na damuna ƙwarai, a share wa mutum aikin shekaru da direban tsohuwar firinta (manhajar da ke sa ta aiki) da ba ya samuwa cikin sauƙi, a kan fayil ɗin da bai kai hoto ɗaya girma ba. Ka ce masa, "Malam, a gwada waɗannan tukuna." Sai dai ka sani, Microsoft ta daina kula da XP tun 8 ga Afrilun 2014, Windows 7 kuma 14 ga Janairun 2020. Don haka kada ka buɗe .chm ɗin da ba ka san tushensa ba, kuma ka kwashe takardunka zuwa wani wuri kafin kowa ya taɓa kwamfutar.