Wai "vampaya": faɗa-wutar nan fa ba mayya ba ce

Kwana biyun nan kalmar vampaya ta cika mana waya a Garwa, tun da aka fara tura hoton wata faɗa-wuta a kan yatsan mutum tana shan jini. Har a radiyo na ji wani ya fassara ta da "mayya", nan ne fa raina ya ɓaci. Maye dai a wurinmu kurwa ake cewa yana kamawa, ina ruwansa da jini? Ita vampaya kalmar Sabiyawa ce, mutanen ƙasar Sabiya a Turai, da ta bi ta Faransanci ta iso mu, wai gawa ce da ke fitowa daga kabari cikin dare ta tsotsi masu rai. Tatsuniyarsu daban, tamu daban.

Ƙwaron kam akwai shi, masana na ce masa Calyptra. Wani ɗan Suwizalan, Hans Bänziger, ya ba da labarinsa a 1968 daga Maleshiya, can yankin yakan sauka kan ɓauna da shanu har da giwa. A 2006 kuma wata masaniya Jennifer Zaspel ta ga wani irinsa ya huda fatar mutum a gabashin Rasha.

To ga abin dariyar, an ce mayya alhali namijin ne kaɗai ke shan jini, saɓanin sauro da macen ce ke cizo. Kuma asalinsa ɓarawon 'ya'yan itace ne, bakinsa dogo mai 'yan ƙayoyi da yake huda ɓawo da shi ya sha zaƙi, da wannan bakin dai yake dafa fata yana kaɗa kai yana murzawa a hankali kamar mai haƙa rijiya har ya tarar da jini. Masana sun fi zaton gishirin jinin yake nema, ya miƙa wa macen lokacin barbara. Wato shi ma lasar kanwa ya zo, kamar shanun da ake korawa lahore, maɓuɓɓugar ruwan kanwa, a wajen Ngaundare. Akwai zafi, wurin ya yi ja, amma ba a san shi da yaɗa cuta ba.

Na nuna wa kawuna hoton, shi da ya tsufa a kiwo, ya daɗe yana kallo ya ce "ɗana, wannan yana sa sammore?" Na ce a'a Kawu. Ya miƙo min wayata ya ci gaba da cire wa maraƙinsa kaska.