Telavi da kwarin Alazani a ƙarshen kaka

Telavi shi ne babban birnin lardin Kakheti da ke gabashin ƙasar Jojiya, a kudancin duwatsun Kaukasus. Ƙidayar 2014 ta nuna mutanensa sun kusa 20,000. Garin yana kan gangaren tsaunukan Gombori, yana fuskantar kwarin kogin Alazani, inda ake noma mafi yawan inabin ƙasar. Kusan kashi uku cikin huɗu na inabin Jojiya daga Kakheti yake fitowa. Daga Tbilisi, babban birnin ƙasar, tafiyar kimanin kilomita 95 ce idan aka bi ta mashigin Gombori, wanda tsayinsa ya kai mita 1,620.

Yawancin baƙi sukan zo a Satumba da farkon Oktoba, lokacin girbin inabi da ake kira rtveli. Amma mai son fahimtar yadda yankin yake rayuwa zai fi amfana da watan Nuwamba. A lokacin taro ya watse, ganye ya koma ja da rawaya yana zuba, aikin kuma ya tashi daga gona ya shiga gida. Da rana zafi kan tsaya wajen digiri 10 ko sama da haka kaɗan, dare kuwa da sanyi sosai. Hazo yakan kwana a cikin kwarin, in ya yaye da hantsi sai a hango kawunan duwatsu sun yi fari fat da dusar ƙanƙara. Bayan waɗannan duwatsun ne Dagestan da Chechniya suke.

Tarihi

Telavi ya zama mazaunin sarakunan Kakheti a ƙarni na 17, bayan da Shah Abbas na ɗaya na Farisa ya ragargaza Gremi, tsohuwar hedikwatar masarautar, a farkon wannan ƙarni. Fadar da ke tsakiyar gari, Batonis Tsikhe, tana nan da ganuwarta. A cikinta aka haifi Sarki Erekle na biyu a 1720, a cikinta kuma ya rasu a 1798. Shi ne ya ƙulla yarjejeniyar Georgievsk a 1783, ya sa masarautarsa ƙarƙashin kariyar Rasha don tsoron Farisa da Daular Usmaniyya. Kariyar ba ta hana Farisawa ƙone Tbilisi a 1795 ba, kuma a 1801 Rasha ta haɗiye masarautar baki ɗaya. Duk da haka mutanen Kakheti suna girmama Erekle har yau. Mutum-mutuminsa bisa doki yana tsaye kusa da fadar. Ɗan gaba kaɗan akwai wata ƙatuwar bishiya da ake ƙiyasta shekarunta sun kai 900, kaurin gindinta ya kai mita 12.

Ƙauyen Tsinandali, 'yan kilomita daga gari, shi ne gidan Yarima Alexander Chavchavadze (1786–1846), mawallafin waƙoƙi kuma hafsan soja, wanda ya shigo da salon Turai na sarrafa inabi da zuba shi a kwalabe. A 1854 mayaƙan Imam Shamil, jagoran Musulmin Dagestan da ke yaƙi da Rasha, suka sauko daga duwatsu suka kai hari gidan, suka tafi da matar ɗan yariman da 'yar uwarta da yara. A 1855 aka yi musayar su da Jamaluddin, ɗan Shamil da Rashawa suka riƙe tun yana yaro, haɗe da kuɗin fansa rubul 40,000 na azurfa. Bashi ya yi wa iyalin katutu bayan haka, daga baya gidan ya koma hannun gidan sarautar Rasha. Yanzu gidan tarihi ne mai faffaɗan lambu.

Arewa maso yamma da Telavi akwai majami'ar Alaverdi ta ƙarni na 11, mai tsayin kusan mita 50, wadda ta daɗe tana zaman mafi tsawo a ƙasar har sai da aka kammala babbar majami'ar Sameba a Tbilisi a 2004. Akwai kuma kufan makarantar Ikalto ta ƙarni na 12, wadda dakarun Shah Abbas suka ƙone a 1616.

Randunan ƙarƙashin ƙasa

Abin da ya fito da sunan Kakheti a duniya shi ne giyar inabi da yadda ake haɗa ta. Ana amfani da qvevri, wata ƙatuwar randar yumɓu mai tsinin gindi, wadda ake binnewa har wuya a cikin ɗakin da ake kira marani. Ƙaramar takan ci lita goma-goma, babbar kuwa dubbai, har mutum yakan shiga cikinta da tsani don ya wanke ta da burushin ɓawon itace. Kafin a binne ta sai an shafe cikinta da kakin zuma. Maginan ƙauyen Vardisubani, daf da Telavi, suna cikin 'yan kaɗan da suka rage a wannan sana'a. Da hannu suke ɗora yumɓun zagaye bayan zagaye, su jira na ƙasa ya sha iska kafin su ƙara na sama, don haka randa ɗaya takan ci makonni kafin ta shiga wuta.

Bayan an matse inabi, ruwan da ɓawon da 'ya'yan, wani lokaci har da tsinken, duk a randa ake zuba su. Makonni biyu zuwa uku yana tsimuwa, ana juya shi da dogon itace sau da dama a yini don kada ɓawon ya bushe a sama. Idan ya lafa sai a rufe bakin da faifan dutse ko katako, a liƙe da laka, a bar shi har bazara. Sanyin ƙasa ne ke daidaita zafinsa, tsinin gindin kuma shi ke tara dusar wuri guda. Saboda daɗewa tare da ɓawo, farin inabi irin su Rkatsiteli da Kisi kan ba da launin ruwan zuma, Saperavi kuma baƙi-baƙi. A 2013 hukumar UNESCO ta sa wannan hanya cikin jerin al'adun gado na duniya. A 2017 aka wallafa binciken da ya gano alamun giyar inabi a fasassun tukwane na wajen shekara 8,000 da suka wuce, a Gadachrili Gora da Shulaveris Gora, kudu da Tbilisi. Jojiya tana da nau'in inabi nata na gida sama da 500.

Harkar ta sha wuya a 2006 da Rasha, babbar kasuwarta, ta hana shigar da kayan, haramcin da ya kai 2013. Wannan ya tilasta wa masu sana'ar neman kasuwa a Turai da Asiya, ya kuma dawo da martabar randar da zamanin Tarayyar Sobiyet ya ture gefe saboda manyan masana'antu.

Abin da ba giya ba

Kuskure ne a ɗauka inabin Kakheti a giya kawai yake ƙarewa. A Oktoba da Nuwamba mata kan dafa sabon ruwan inabi, su kaurara shi da garin alkama ya zama kamar kunu mai kauri, wato tatara. Sai a jera ƙwayoyin walnat, wani ɗan itace mai ƙwaya kamar gyaɗa, a zare da allura, a tsoma cikin tukunyar, a ɗaga a hankali, a rataye a sanda ya bushe. Wannan ita ce churchkhela, alawa mai siffar kyandir wadda takan yi watanni ba ta lalace ba, kuma babu barasa a cikinta. A kasuwar Telavi ana ganin ta reto jeri-jeri, kusa da tulin rumman da 'ya'yan khurma masu ruwan lemo, dangin kanya ne, waɗanda kan rage a jikin bishiya bayan ganye ya kaɗe.

A wannan lokacin ne kuma makiyayan Tusheti, yankin tsaunuka da ke arewacin Kakheti, suke gama saukowa. Sukan koro tumaki ta mashigin Abano, mai tsayin sama da mita 2,800, kafin ƙanƙara ta rufe hanyar har ƙarshen bazara, su ratsa ƙauyukan Alvani su nufi makiyayar Shiraki a kudu maso gabas. Tare da su cukun da ake kira guda yake zuwa, wanda ake nunar da shi a cikin salkar fatar tunkiya. Ranar 23 ga Nuwamba ake bikin Giorgoba na tunawa da Waliyyi George, ranar hutu ce a ƙasar.

Ga baƙo Musulmi

Yawancin mutanen Kakheti Kiristoci ne 'yan Orthodox, kuma walimarsu, supra, a kan giya aka gina ta, da jagora mai suna tamada da ke jero jawabai. Wanda ba ya sha gara ya faɗa tun da fari, a fili. Akwai lemon kwalba na gida da ruwan ma'adinai irin su Borjomi. A kula da tsiren mtsvadi, wanda ake gasawa da busassun rassan inabi, domin a Kakheti galibi naman alade ne. Burodin shoti da cuku da wake, wato lobio, sun fi sauƙin sha'ani.

Akwai Musulmi a yankin. Ƙauyen Karajala kusa da Telavi na Azarbaijanawa ne, a kwazazzabon Pankisi kuma, arewa da garin Akhmeta, akwai Kistawa, jikokin Chechenawa da suka ƙaura can a ƙarni na 19. Ƙauyensu na Duisi yana da tsohon masallaci inda mata kan yi zikiri ranar Juma'a, da gidajen saukar baƙi da ke dafa abincin halal. Ƙananan motocin haya da ake kira marshrutka suna zirga-zirga tsakanin Tbilisi da Telavi kullum, amma idan ƙanƙara ta sauka a Gombori direbobi kan zaga ta Gurjaani, hanyar da ta fi tsawo.