Me Masana Ke Nufi da "Ƙarancin Ruwa"?

A wajen yawancinmu, ƙarancin ruwa shi ne a murɗa famfo ya yi tari ya yi shiru, ko guga ta fito daga rijiya da laka. Su kuwa malaman jami'a masu nazarin albarkatun ruwa, kalmar tana da awo a wajensu.

A shekarar 1989 wata masaniya 'yar ƙasar Suwidin, Malin Falkenmark, ta fito da ma'aunin da ake aiki da shi har yau. Ana haɗa ruwan daɗin da ƙasa ke samu a shekara, na koguna da na ƙarƙashin ƙasa, a raba shi da yawan jama'arta. In kason mutum guda bai kai mita kubik 1,700 ba, an fara shiga matsi. In ya gaza 1,000, ƙaranci ke nan. Ƙasa da 500 kuwa tura ta kai bango, kuma nan ƙasar Jodan take. Mita kubik ɗaya lita 1,000 ce, don haka wani zai ce, wa zai shanye wannan uban ruwa? Ai ba na sha ba ne kaɗai. Noma ne ke kwashe kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba a duniya.

Sai dai ma'aunin bai san wanda ruwan ke isa gidansa ba, kuma wannan ne ya fi damuna. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fi kowace ƙasa a Afirka ruwan daɗi, a lissafin Falkenmark tana cikin wadata, amma miliyoyin mutanenta ba su da tsabtataccen ruwan sha. Ga kogi a cike, babu matata, babu bututu, babu kuɗin gyara injin da ya lalace. Shi ya sa masana suka raba kalmar gida biyu: ƙarancin da ruwan ne babu, da wanda ruwan na nan amma hanyar kai shi ga jama'a ce babu.

Kafin a zuba kuɗi a madatsa, aikin mai bincike ne ya tantance wanne daga ciki ake fama da shi. Yakan bi alƙaluman shekaru da aka ɗauka daga sandar awo a bakin kogi, ya kwatanta da ruwan da ke sulalewa ta fasassun bututu. Wani lokaci ɗinke bututun ya fi gina sabuwar madatsa amfani, ga shi kuma ya fi sauƙin kuɗi.