Zamantakewa a sababbin garuruwan 'yan fansho: misalin Sun City

Garin 'yan fansho unguwa ce ko gari guda da ake ginawa domin waɗanda suka ajiye aiki, inda shekaru ne sharaɗin zama. A Amurka aka fi saninsa. Youngtown da ke jihar Arizona, wanda aka kafa a 1954, ya riga saura, amma wanda ya zama abin koyi shi ne Sun City, kusa da birnin Phoenix, da kamfanin Del Webb ya buɗe ranar 1 ga Janairu, 1960. Cikin kwana uku mutum kusan 100,000 suka je kallo, aka sayar da gidaje 237.

Dokar Amurka ta 1995 ta yarda a keɓe irin wannan wuri muddin kashi 80 cikin ɗari na gidajen da aka tare suna da aƙalla mutum ɗaya mai shekara 55 ko fiye. A Sun City wanda bai kai 19 ba ba ya zama dindindin. Jika baƙo ne, iyakarsa kwana 90 a shekara.

Yadda sabo ke kamawa

A tsohon gari baƙo kan tarar kowa da nasa. A sabon gari kuwa kowa baƙo ne, layi guda kan tare cikin 'yan makonni, ba wanda ya san likita ko mai gyaran famfo. Tambayar juna waɗannan ƙananan abubuwa ita ce mafarin gaisuwa. Aikin da mutum ya yi a da ba ya da nauyi sosai; an fi tambayar jihar da ya fito da wasan da ya iya. Shi ya sa ƙungiyoyin 'yan jiha ɗaya kan kafu da wuri.

Dabarar Webb ita ce gina wurin haɗuwa kafin mai gida na farko ya tare: filin golf, wurin ninkaya, ɗakunan sana'ar hannu da kantuna. Gini dai ba ya haɗa mutane shi kaɗai. Abin da ke haɗa su shi ne lokaci tsayayye, a ce duk Talata da safe ana kafinta ko rawa, domin wanda bai zo ba a lura a bi sawu. The Villages, wata babbar unguwar 'yan fansho da ke jihar Florida, ta ɗauki wannan da gaske, ta gina dandali, na farko Spanish Springs a 1994, inda ake kiɗa kowane dare, mutane na zuwa a ƙananan motocin golf. Motar ba ta da gilashin da zai hana gaisuwa.

Mataki na gaba shi ne aikin sa kai. A Sun City mazauna ne ke tafiyar da wuraren nishaɗi ta hukumar da suke zaɓa, akwai 'yan sintiri na sa kai, akwai kuma ƙungiyar da ke ba da aron keken guragu da gadon jinya kyauta.

Inda ake samun tangarɗa

Babbar matsala ita ce waɗanda suka zo tare, tare suke tsufa. Wanda ya tare yana 62 zai kai 82 bayan shekara 20, shi da maƙwabtansa duka, sai ƙungiyoyi su rasa masu ɗaukar nauyi. Sababbin zuwa na son wasanni masu motsa jiki da sabon gini, na farko kuma na ƙin ƙarin kuɗin shekara, ga kujerun kwamiti a hannunsu.

Rasuwar miji ko mata ma tana sauya matsayi. Yawancin gayyata ta ma'aurata ce, don haka wadda mijinta ya rasu kan ga an rage kiranta, har sai ta shiga cikin takwarorinta. Wanda ya daina tuƙi ko ƙafa ta gaza yakan ɓace daga taro ba tare da an ankara ba.

Akwai kuma tsamin dangantaka da maƙwabta na waje. Mazauna Sun City sun sha kayar da ƙuri'ar cin bashin gina makarantu a gundumar ilimi ta Peoria, har aka cire garin daga gundumar a 1974.